Sojan Laka: Fuska, Kaki da Ɓad da Kama

1. Wasan bakin tabki

Idan damina ta janye, ruwan tabkunan Dakwaro ya fara ja da baya, sai ya bar laka mai laushi a baki-baki. Lokacin nan ne yara ke zuwa ɗiba. Wani ya gina sa mai tozo da manyan ƙahoni, wani raƙumi, wani doki da mahayinsa. A soka ƙaya ta zama mashi, a manna ɓawon gujiya ya zama garkuwa. Sa'an nan a jera su a rana, a ce ga rundunar Gobir, ga ta Abzin.

Amma dukansu launinsu ɗaya ne, watau launin laka. Ba a gane dogari, ba a gane ɗan lifidi, sai an tambayi mai ginin. Launi shi ke faɗin ko wane ne mutum, daga ina ya fito, a wane zamani kuma ya rayu. Wanda ya sa wa sojan laka launi daidai ya ajiye tarihi. Wanda ya sa ba daidai ba ya koya wa mai kallo ƙarya. Shi ya sa a ƙasashe da yawa wannan aiki ba na yara kaɗai ba ne. Manya ma suna yin sa, gidajen tarihi kuma suna nuna shi.

2. Tsohuwar sana'a ce

A Masar, a garin Asiyut, an sami ƙananan sojoji na itace cikin kabarin wani hakimi mai suna Mesehti. Sun yi shekara wajen 4000. Arba'in suna riƙe da mashi da garkuwa, arba'in kuma maharba ne na ƙasar Nubiya, da baka da kibau. An yi wa masu mashi jar fata, maharba kuwa fata mai duhu. Garkuwoyin an yi musu dabbare-dabbare irin na fatar sa. Ta wannan launi ne aka san kamannin mayaƙan wancan zamani.

A ƙasar Sin, a 1974, wasu manoma suna ginar rijiya kusa da birnin Shiyan, sai suka ci karo da sojojin yumɓu masu girman mutum. An ƙiyasta sun kai 8000. An yi su ne domin kabarin sarkin da ya fara haɗa Sin wuri guda, wanda ya mutu shekara 210 kafin haihuwar Annabi Isa. Asalinsu da launi suke: ja, kore, shuɗi da shunayya. Amma da aka tono su iska ta buge su, sai shafen da ke ƙarƙashin fentin ya bushe ya naɗe, launin ya zube cikin ƴan mintoci. Shi ya sa yawancinsu yau launin ƙasa gare su.

Nijar ma tana da nata. A Bura, cikin ƙasar Tera, an gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975. A 1983 masanin tarihi Bube Gado ya shugabanci tonon wurin. An sami tukwane da kawuna na gasasshen yumɓu, da wani mahayi bisa dokinsa wanda ya yi suna a duniya. Wasu daga cikin kayan sun haura shekara dubu. Ashe dokin laka na bakin tabki yana da kakanni.

A Turai, tun ƙarni na 18, maƙeran birnin Nurambag na Jamus suna zuba ƙananan sojoji na kuza. A 1893 wani Bature na Landan, William Britain, ya ƙago hanyar zuba sojan darma mai rami a ciki, ya zama ba nauyi, ba tsada. Yau da roba ake yin yawancinsu.

3. Awo kafin launi

Ƙaramin soja ba ya yin kama da na gaske sai an rage kowane sashe nasa daidai wa daida. Wannan shi ake kira ma'aunin ragewa. Idan aka rubuta 1/10, ana nufin an raba kowane tsawo kashi goma an ɗauki ɗaya.

Ga misali. Mutum mai tsawon santimeta 170 zai zama santimeta 17. Dokinsa mai santimeta 140 daga ƙasa zuwa doro zai zama 14. Mashinsa mai mita 2 zai zama santimeta 20. Idan aka rage mutum aka manta da mashi, sai soja ya fito ɗauke da azara.

Sojojin roba da ake sayarwa sun fi haka ƙanƙanta. A ma'aunin 1/35, mutum mai santimeta 175 yana komawa santimeta 5. A ma'aunin 1/72, mai santimeta 180 yana komawa biyu da rabi. Ga laka kuwa 1/10 ya fi sauƙi, domin lissafinsa ba wuya, yatsa kuma yana iya gyara fuska.

Kuskuren da yara suka fi yi shi ne babban kai. Kan baligi kashi ɗaya ne cikin bakwai ko takwas na tsawonsa. Sojan santimeta 17, kansa kaɗan zai ɗara santimeta 2.

4. Kayan aiki

Ana cuɗa laka da ɗan ƙaiƙayi, kamar yadda magina tukwane ke yi, don kada ta tsage. Idan an gama gini sai a shanya a inuwa kwana da yawa. Rana mai zafi tana busar da waje ta bar ciki ɗanye. In aka gasa shi haka, ruwan da ke ciki ya zama tururi, sai ya fasa shi. Bayan ya bushe sarai a gasa, a bari ya huce, sa'an nan a zo ga launi.

Ba dole sai an sayi fenti ba. Farar ƙasa tana ba da fari. Jar ƙasa tana ba da ja mai duhu. Gawayi ko kunkunniyar gindin tukunya suna ba da baƙi. Shuni yana ba da shuɗi, gangamau rawaya, karan dafi kuma ja mai haske. Shuɗi da rawaya in sun haɗu su ba da kore. Launin da aka samo daga ƙasa ba ya kodewa. Na tsiro kuwa rana tana cin sa, saboda haka ba a ajiye aikin a bakin taga.

Garin launi shi kaɗai ba ya kama jiki. Sai an haɗa shi da ƙaro. A jiƙa ƙaron dakwara ya kwana, a tace, a dama garin da ruwansa. Fentin ruwa na kanti ma da ƙaro ake haɗa shi, irin wanda ake ɗiba a dazukan Sahel a kai Turai.

Buroshi kuwa, a yanko ɗan gashin akuya a ɗaure shi a tsinke da zare. Don shafe mai faɗi, gashin kaza ya isa. Don ido da gira, ƙayar aduwa ta fi kome.

Kafin kowane launi sai an yi shafen fari: farar ƙasa da ƙaro, ruwa-ruwa, a jiki duka. Gasasshiyar laka tana shan ruwa kamar rairayi. In ba a toshe ta ba, za ta shanye fentin ya dushe. Amma kada shafen ya yi kauri, don kada ya cike ido da hanci, ko ya ɓamɓare daga baya ya tafi da launin da ke bisansa.

5. Fuska

Fuska ake fara yi, domin ita ce a ciki. Rawani da hula da wuyan riga daga baya suke zuwa su rufe gefenta, kamar yadda mutum ke sa tufafi.

Ba mutumin da fatarsa ta yi baƙin gawayi. Wanda ya duba hannunsa da kyau zai ga ja da ruwan ƙasa a ciki. Saboda haka ana farawa da jar ƙasa, a riƙa ƙara gawayi kaɗan-kaɗan har a sami abin da ake so: baƙi, ko wankan tarwaɗa, ko ja.

Launi ɗaya ba ya isa. Uku ake bukata. Na farko shi ne na fata, a shafa ko'ina. Na biyu ya fi shi duhu, shi ne na inuwa: ramin ido, ƙarƙashin hanci, ƙarƙashin leɓe da haɓa. Na uku ya fi shi haske, a ɗiga a goshi, da karan hanci, da ƙashin kunci. Dalili kuwa shi ne, fuskar gaske tana da tudu da kwari masu yin inuwa da kansu. A ƙaramar fuska tudun da kwarin sun yi ƙanƙanta, inuwarsu ba ta fitowa. Sai mai fenti ya zana ta da hannunsa.

Ido yana tsakiyar kai ne, ba can sama kusa da gashi ba. Yara suna son yin sa fari fat da ɗigon baƙi a tsakiya, sai soja ya fito kamar wanda ya ga kura. Lissafi yana nuna kuskuren. Wanda ya riƙe sojan 1/35 nisan santimeta 30 daga idonsa, kamar yana kallon mutum ne daga mita 10 da rabi. Daga wannan nisa ba a ganin farin ido sosai, duhu kawai ake gani ƙarƙashin gira. Don haka siririn layi mai duhu ya isa. A babban soja na 1/10 ana iya sa fari, amma a rage haskensa da ɗan ruwan ƙasa, fatar ido ta sama kuma ta rufe sashen ƙwayar.

Fuska tana faɗin asali. Bagobirin da, yana da tsage daga gefen baki zuwa wajen kunne, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Da tsinin ƙaya ake jan su, sirara ƙwarai. Ba'abzine kuwa ya yi amawali, ido da karan hanci kaɗai ake gani.

6. Tufafin mayaƙa

Kafin a taɓa riga sai an yi bincike. Gani ya kori ji. Birnin Lalle, kusa da Dakwaro, yana cikin tsofaffin biranen sarautar Gobir, ƙasar kuma ta san doki tun da daɗewa. Ran salla a Kornaka, ko Tibiri, ko Maraɗi, mai lura zai ga sirdi da likkafa da linzami yadda suke. A Yamai, gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, yana nuna tufafin gargajiya na al'ummun ƙasa. A unguwa kuma akwai tsofaffi da mazan jiya. Yaro ya je ya gaishe su da ladabi, ya ce: «Baba, wace irin hula kuka sa?» Abin da suka faɗa ya rubuta, domin ba kowane abu ke cikin littafi ba.

Dogarin sarki riga mai ja da kore yake sawa, da jan rawani. An yi haka ne don a hango shi daga nesa a ba da hanya.

Ɗan lifidi shi da dokinsa suna cikin riga mai kauri wadda aka cusa wa auduga aka ɗinke, don ta tare kibiya. A kansa akwai kwalkwali da gashin jimina. Layukan ɗinkin lifidi su ke nuna kaurinsa. Ana fitar da su da abin da ake kira wanki: a tsinka launi mai duhu da ruwa sosai, a shafa, sai ya gangara ya kwanta cikin layukan, tudun ya zauna da haske.

Sulke riga ce ta zobban ƙarfe. A shafa mata baƙi, in ta bushe a goga bakin fensir a kai, sai ta yi ƙyallin ƙarfe. Haka ake yi wa takobi da kan mashi. Turkuɗin Abzinawa ma yana da sheƙi: shuɗi mai duhu ƙwarai, da ɗan gugar fensir a kan ninki. Babbar garkuwarsu ta fatar warwaji fara ce mai ɗan ruwan ƙasa.

Akwai kuma sojan zamanin Turawa, wanda ake kira tirayar. Faransa ta kafa wannan runduna a Senegal a 1857, daga baya ta ɗebi samari daga dukan ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma. An san su da jar hula da jan ɗamara, daga baya kuma da kaki. Wannan hula tana da labari biyu. Irin waɗannan sojoji ne suka biyo Bule da Shanuwan a 1899, lokacin da aka ƙone Lugu da Birnin Ƙonni aka kashe mutane masu yawa. Irinsu ne kuma aka kai Turai a yaƙin 1914 da na 1939, da yawa ba su dawo gida ba. Mai yin wannan soja ya kamata ya san labarin duka biyu.

Bayan samun ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, Nijar ta kafa rundunarta, wadda ta kama aiki a 1961. Mai zana tutar ƙasa a kafaɗar soja ya tuna da jerinta: ruwan lemo a sama, fari a tsakiya da da'ira ruwan lemo, kore a ƙasa.

7. Daga jan wando zuwa ɓad da kama

Me ya sa mayaƙan da suke sa launi mai haske, na yanzu kuwa suna sa launin ƙasa? Amsar tana cikin bindiga. Bindigar da ba ta cin nisa, albarushinta kuma yana tada hayaƙi ya rufe fili. Cikin hayaƙin nan dole mutum ya gane nasa da na abokan gaba. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Bindigogi suka riƙa cin nisa, fili ya washe. Daga nan wanda aka fara hangowa shi ake fara harbi.

Tun wajen 1848 wata rundunar Ingila a Indiya ta fara rina tufafinta da launin ƙasa. A harshen can, kaki yana nufin mai launin ƙura. Daga nan kalmar ta zo har Hausa. Faransa kuwa ta shiga yaƙin 1914 da jan wando. A 1915 ta sake shi da shuɗi mai dushi-dushi. A shekarar nan kuma ta kafa ƙungiyar masu zane, ƙarƙashin mai fenti Guirand de Scévola, don su ɓoye igwa da motoci da launi.

Dabbobi sun riga mutum sanin wannan dabara. Fara tana sajewa da ciyawa, ƙadangaren daji da rairayi. Barewa bayanta ja ne, cikinta fari. Rana tana haska bayan, inuwa tana duhunta cikin, sai jikin ya zama kamar launi ɗaya daga nesa. Maharban Hausa ma suna ɗaura kan burtu a goshi, su sunkuya suna tafiya kamar tsuntsun, har su kusanci nama.

Abu huɗu ke tona asirin mai ɓuya: launi, siffa, ƙyalli da motsi. Ido ya saba da siffar mutum, kai da kafaɗu biyu. Roɗi-roɗin kaki aikinsa shi ne ya kakkarya wannan siffa, ido ya ga guntu-guntu maimakon mutum.

Ga yadda ake yin sa. A fara da launin da ya fi haske, a shafe rigar duka. In ta bushe, a sa manyan ɗigo na launi na biyu, marasa tsari, kada biyu su yi kama. Daga ƙarshe a sa mai duhu, ƙanana, kaɗan. Ɗigon ma yana bin ma'auni: wanda ya kai santimeta 10 a rigar gaske zai zama santimeta 1 a ma'aunin 1/10, ko milimeta 3 a na 1/35. Roɗin yana yankewa a wurin ɗinki da bakin aljihu, domin daga yadi aka yanko kowane ƙyalle. Ba ya hawa kan ɗamara ko takalmi. Ba a kuma shafa wa kaki abin da zai sa shi sheƙi.

Launin da ya dace ya danganta ga wuri da lokaci. A kwarin Tarka da rani, rairayi ne da busasshiyar ƙarangiya da toka-tokar sabara. Da damina kuwa ko'ina kore ne. Gwajin ba wuya. A ajiye sojan a gindin kalgo, a ja da baya taki goma, a kira wanda bai ga inda aka ajiye shi ba. In ya daɗe yana nema, aikin ya yi.

8. Gargaɗi

Darma guba ce. Ba a narka ta daga tsohon batir don yin kayan wasa. Kamfanin Britain da kansa ya bar yin sojan darma a 1966. A Zamfara, a 2010, ƙurar duwatsun zinariya mai darma ta kashe yara wajen 400. Ba a kuma lasar buroshi, ana wanke hannu bayan aiki.

Kayan soja na gaske ba na wasa ba ne. Yaron da ya ga harsashi ko wani baƙon ƙarfe a daji kada ya taɓa. Ya yi nisa da shi, ya gaya wa manya.

Wasu iyaye ba su son a ajiye siffar mutum a gida, ko da yake malamai da yawa sun yi sassauci kan kayan wasan yara. Yaro ya nemi izini kafin ya kai aikinsa gida. In ba a yarda ba, ya bar shi a aji.

Sojan laka in ya karye ana gina wani. Mutum ba haka yake ba. Mazan jiya da suka ga yaƙi da idonsu su suka fi kowa roƙon zaman lafiya.

Ma'anar kalmomi

Ma'aunin ragewa: lissafin da ke nuna sau nawa aka rage girman abu.
Lifidi: rigar yaƙi mai cushen auduga, ta mutum da doki.
Amawali: sashen rawani da ke rufe baki da hanci.
Warwaji: naman daji mai dogayen ƙahoni, ana yin garkuwa da fatarsa.
Ɓad da kama: sake kamanni don kada a gane mutum ko a hango shi.

Tambayoyi

1. Me ya sa launin sojojin yumɓu na Sin ya zube?
2. Wane amfani ƙaro yake yi cikin fenti?
3. Don me ake sa launi uku a fuska?
4. Raƙumi mai tsawon mita 2, santimeta nawa zai zama a ma'aunin 1/10?
5. Me ya sa sojoji suka bar tufafi masu haske?
6. Wane labari biyu jar hular tirayar take da shi?

Aikin yi

A raba aji gida uku. Gida na farko ya gina dogari, na biyu ɗan lifidi, na uku soja mai kakin rani, duka a ma'aunin 1/10. Kowane gida ya tambayi wani dattijo kafin ya sa launi, ya rubuta abin da ya ji, sa'an nan ya karanta wa aji.